Ranar Ruwan Alamo

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya sosai ba. Kuma don Allah kar 'yan gidanmu su gani.

Akwai wata yarinya a ƙauyenmu na bakin kogin Riyo Girande. Shekarar da kakanta Eusebio ya rasu, iska ta kayar da tsohuwar bishiyar alamon da yake zama a gindinta, mai zubar da farar auduga da bazara. Matarsa, Kaka Eufemiya, ta yanki reshe ɗaya suka dasa a bakin magudana. Ya kama, ya yi ganye.

Ruwan magudana rabo ne, kowane gida da ranarsa. Tasu Alhamis.

"Gwiwata ta hana ni," in ji Kaka. "Gobe ke za ki ɗage katakon da ke tare magudanar, ruwa ya shigo."

"Na ji, Kaka."

"Da wane kunnen? Wanda ke aiki?"

Washegari yarinya ta tafi koyon rawar bikin ƙawarta. Kafin ta tuna, Baba Celso mai rabon ruwa ya juya shi gaba.

"Baba, ko rabin awa ne!"

"'Yata, na yi ta kira har karenku ya gaji da ni. Barkonon gidan Trujillo ma ƙishi yake ji."

Da ta shiga gida Kaka ta ce, "Reshen ya sha?"

"Ya sha."

Ta riƙa zuba masa ruwa kofi biyu a ɓoye, amma bai kai saiwa ba. Makon kuwa rana ta yi zafi. Ganyen ya yi rawaya, ya zube.

Kaka ta dogara sanda ta je. Ta daɗe tana shafa reshen.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Ya sake tafiya."

Yarinya ta fashe da kuka. "Kaka, bai sha ba. Ƙarya na yi."

"Da kin faɗa, da mun jawo tiyo daga rijiyar maƙwabta. Mantuwa ta kowa ce, 'yar nan. Ƙaryar ce ta busar da shi."

Ba ta daka mata tsawa ba. Wannan ya fi ciwo.

Can Kaka ta duƙa da ƙyar, ta kankare ɓawon gindin da farce. Kore ne a ciki!

"Taurin kai kamar mai shi," ta ce, tana share ido. "Ɗauko shebur."

Suka datse busasshen kan, suka haƙa masa gurbi mai zurfi, suka cika da ruwa. Bayan sati uku ɗan tsiro ya leƙo, ganye biyu ƙanana. Kaka ta dafa wake da jan barkono, har Baba Celso ya ci kwano biyu.

Yarinya ta gane cewa in ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.

Yanzu alamon ya fi ta tsawo. Kaka ce ke kirana, yau Alhamis, bari in je in ɗage katakon.