Kafar da Ukasha Ya Bari a Buɗe

Ranar da kwamfutar shagon Malam Ɗanjuma na Dangora ta ƙi tashi, ranar Ukasha ya fara ganin Hamdiyya. Ita ke buga wa jama'a takardu da hotuna a shagon mahaifinta, shi kuwa mai gyara ne daga Tiga.

"Ka iya, ko in kira wani?" ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"In na gyara me za a ba ni?"

"Hanya."

Ya gyara. Amma kafin ya tafi sai ya buɗe wata kafa a na'urar, irin wadda mai gyara ke shiga ta intanet daga nesa, ya juya ta kamar yana gabanta. Wai don gyaran gaba. Ƙarya ce! Malam ne ba ya barin saurayi ya tsaya masa a bakin shago.

Kullum da hantsi sai rubutu ya fito a allon da kansa: "Barka da aiki, Tauraruwata. Dam ɗinmu na Tiga ya cika, amma bai kai kewarki ba."

"Aljani, fita mini daga aiki," in ji ta. Amma ba ta gogewa.

Ana nan sai sanarwa ta fito: an gano ɓaraka a irin wannan kafa, a sabunta manhaja, a sa faci. Ta tambaye shi. Ya ji tsoron kada facin ya toshe masa hanyar zance.

"Danna sai anjima, Tauraruwa."

Anjima ta kai har damina ta yi nisa. Son zuciya, ɓacin zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wata safiya ta tarar wani ɓarawon intanet ya bi ta nan ya kulle komai, hotunan biki da takardun ɗalibai. Masu kaya suka cika shago da hayaniya. Khalifa, ɗan aminin Malam, wanda ya daɗe yana sonta tana ƙi, ya samu abin nema.

"Baba, ai ɗan Tigan nan ne. Na sha ganin rubutu na tafiya ba hannun kowa."

Aka kira Ukasha, ya durƙusa.

"Kai ne mai haura mini katanga daga Tiga?" in ji Malam.

"Ni na buɗe, Baba, ni na hana a toshe. Amma ba ni na kulle kayan ba."

"Wanda ya buɗe wa kura garke, ai shi ya ci akuyar! Tashi ka ba ni wuri."

Hamdiyya ta fi uban zafi. "Na tambaye ka, ka ce anjima. Mutuncin babana ka sayar don ka ce mini tauraruwa?"

Ta zaro ƙaramar ma'ajiyar bayanai daga jakarta. Tun da ɗaukewar wuta ta taɓa cinye mata aiki take kwafe komai a cikinta duk Juma'a.

"Ungo. Gyara ɓarnarka, ka ɓace."

Khalifa ya ce a yar da na'urar a sayi sabuwa. Malam ya harare shi. "Surutu ba ya ɗinke riga."

Ukasha ya wanke na'urar tas, ya sa kowane faci, ya mayar da kayan mutane. Sannan ya kira Malam, a gabansa ya toshe kafar.

"To yanzu ta ina za ka riƙa yi mata magana?" Malam ya tambaya, fuska a murtuke.

"Babu, Baba."

"Gidana yana da zaure. Ɗan halak ta nan yake sallama. In ta yarda, turo manyanka."

Sai da ta bar shi ya sha zaman tabarma har kaka, sannan ta aika masa: "Aljanina, na huce. Amma kalmar anjima ta haramta a gidanmu."

Bayan an kai amfani gida aka ɗaura aure a Dangora. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, Ya toshe musu duk kafar da sharri zai bi.