Yaron da Ke Cikin Gilashin Nadabo

Yaya Sallau ya rage hasken fitila, ya dubi ƙannensa. "Ku matso, wannan ba a ɗaga murya a kansa."

A zamanin da Turawa suka fara zuwa, akwai wani mai hoto, Nadabo. Akwatinsa mai ƙafa uku ne, sai ya lulluɓa da baƙin ƙyalle hoton ya kwanta a gilashi. Wani Bature ya sa shi ɗauko tsohuwar Ƙofar Marke. Sarkin ƙofa ya ce masa, "Kada ka ɗauka da almuru, masu wurin suna waje." Nadabo ya yi dariya, ya ɗauka.

Da ya wanke gilashin, sai ga yaro zaune a kan ƙofar, yana kallonsa. Alhali babu kowa a wurin. Duk da haka ya kai wa Baturen.

Bayan kwanaki ya biyo ta ƙofar shi kaɗai. Tsuntsaye suka yi tsit. Wata mata na tsaye a inuwar ganuwa.

"Sannu, baiwar Allah."

"Ina ɗana?"

Bakinta bai motsa ba. Muryar daga cikin katangar ta fito.

"Wane ɗa?"

"Wanda ka kulle a gilashi. Tun ranar nake jin kukansa."

Nadabo ya durƙusa. "Ki yi min rai. Baturen ya hau jirgi da shi, ya tafi ƙasarsu."

Ta matso kusa da shi. Sannan ta shafa masa fuska da hannu mai sanyi kamar randa.

"Je ka gida. Ba zan kashe ka ba. Kai ma ka ɗanɗana."

Ya ruga har gida, ya faɗa tsakar gida yana haki. Matarsa Tabawa ta ja mayafi.

"Malam, lafiya za ka shigo wa matan aure? Maigidan ba ya nan."

"Tabawa, ni ne!"

'Yarsa ta ɓuya a bayan uwarta tana kuka. Maƙwabta suka fitar da shi da sanduna.

Nadabo ya tsufa a bakin layinsu yana sayar da goro. Kullum 'yarsa ta wuce sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, baƙo." Har ya mutu haka take kiransa.

Yaya Sallau ya hure fitilar. "Matar tana nan, ɗanta bai dawo ba. In rana ta yi ja, kada ɗayanku ya bi ta ƙofar nan shi kaɗai."