Jirgin Nguru, Tafi a Hankali

"Sake faɗa in ji, Zayyad. Wataƙila kunnena ne."

Zayyad ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur a hannunsa. A soron gidansu Muhsina suke tsaye, a Gumel, bayan la'asar. Tun daga garinsu Maigatari yake haɗa maganar a ransa, yana zuwa gabanta duk ta warware.

"Sahibata, ki saurare ni. Ba hana auren suka yi ba..."

"Wannan na ji. Ɗayar nake so ka maimaita."

"Gwaggo Talatu ta ce ranar biki kada Iya ta fito cikin mutane. Kuma... ba ita za ta kai ki ɗaki ba."

Muhsina ta yi wata dariya wadda gara kuka da ita.

"Laifin me ta yi?"

"Kin san an je bincike Gagarawa. Wani tsoho ya gaya musu ta yi waƙa a kulob a Kano, cikin maza, da kakakin Turawa."

"Yau ka sani? Ni ban gaya maka tun farko ba?"

"Kin gaya min, kuma ni ko a jikina. Amma Gwaggo ce babba a gidanmu, ko Baba ba ya tsallake maganarta. Na yi kwana da kwanaki ina lallashi kafin a tsaya a nan."

"A tsaya a nan," ta maimaita. "Matar da ta goye ni tun ina jaririya, ita za a kulle a ɗaki kamar kayan sata. Ka gaida gida, Zayyad."

"Muhsina, wallahi ina sonki..."

"Ni ma ina sonka. Abin da ya fi min ciwo ke nan."

Ta shige gida ta bar shi da makullinsa.

To, bari in gaya muku wace ce Iya, don ku san a kan wa ake wannan tsiya. Sunanta Laure, haifaffiyar Gagarawa Tasha. Tana budurwa ta je Kano wurin wata 'yar uwarta, can wani mai busa ƙaho, Sajo, ya ji tana rera waƙa tana wanki, ya tsaya a bakin katanga ya kasa tafiya. Ya aure ta, ya kuma sa ta a gaban ƙungiyarsu ta masu kiɗan jaz. Lokacin ana ɗokin samun 'yancin kai, ko'ina rawa ake yi. Laure ta tsaya gaban makirfo da doguwar riga da ɗaurin ɗankwali, tana ɗora kalmomin Hausa a kan kiɗan da mutane suka ɗauka na Turawa ne kaɗai. An buga mata faifan garmaho, an sa ta a rediyo, ta yi wasa a Jos da Damagaram har Yamai.

Sai Sajo ya rasu a hatsarin mota, ya bar ta da ɗa a goye. Yayanta ya zo daga Gagarawa ya ce ba za a yi rainon jininsu a gidan rawa ba, ya karɓe yaron a tashar jirgi. Ta ƙara 'yan shekaru tana waƙa, sunanta yana ƙara tashi, ita kuwa tana ƙara ramewa. Rana ɗaya ta ajiye makirfo ta dawo gida, ta sayi keken ɗinki, ta zauna kusa da ɗanta. Shi ne mahaifin Muhsina, wanda Allah Ya karɓi abinSa bayan matarsa ba da jimawa ba, yarinyar ta dawo hannun Iya.

Tun tasowar Muhsina ba ta taɓa jin Iya ta rera ko baiti ɗaya ba. Ko tana tankaɗe bakinta a rufe yake.

Muhsina ta tarar da ita zaune a bakin gado, ta buɗe tsohuwar akwatinta tana jera zannuwa.

"Ina zuwa kuma, Iya?"

"Sule Tankarkar. Na daɗe ban ga 'ya'yan ƙanwata ba. Ranar da aka kawo lefe da yamma zan tafi, sai bayan biki."

"Kin ji mu ke nan."

"Soron nan ai ba shi da sirri. Kuma angon nawa in yana cikin damuwa murya gare shi kamar mai tallan mangwaro."

Iya ta yi dariya, Muhsina ba ta taya ta ba. Ta durƙusa ta riƙe gwiwoyin tsohuwar.

"Na fasa, Iya. Gidan da ba za ki shiga ba, ni ma ba zan shige shi ba."

"Kul na sake jin wannan magana. Yaron nan yana sonki, ke ma har abinci kike kasa ci in bai kira ba, kina tsammanin ban lura ba? Ni na ci zamanina. An taɓa ce min in matsa gefe don ɗa ya yi daraja, na matsa, ban mutu ba."

"Amma kin daina waƙa."

Iya ta ɗauki wani zane ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Tashi ki ɗora mana tuwo," in ji ta.

A kwanakin da suka biyo baya Zayyad ya kira har ya gaji. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne: "Zuciyata, na sake zuwa wurin Gwaggo ta kore ni. Ban daina ba." Muhsina ta karanta, ta kifa wayar, ta yi kuka mai isarta. Tana sonsa, kuma tana jin haushinsa, duk a lokaci guda.

Ranar lefe ta zo. Da hantsi motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida, matan Maigatari suka shigo da guɗa da akwatuna, Gwaggo Talatu a gaba, doguwa, mai tabarau, tana tafiya tana duba gidan kamar wadda ta zo saye. Matan unguwa da dangi suka tarbe su, aka baza tabarmi a inuwar darbejiya.

Amarya ba ta fitowa ranar lefe, kowa ya sani. Don haka Muhsina tana ɗakin Iya, an saki labule. Su biyu ke nan a ɓoye, ɗaya don al'ada, ɗaya don an ce ita abin kunya ce. Akwatin Iya tana bakin ƙofa a ɗaure.

Daga waje suna jin ana ɗaga atamfa ana yabawa. Wata ta tambaya, "Ina kakar amarya?" Wata daga cikin dangi ta ce ba ta jin daɗi ne. Muhsina ta dubi Iya. Tsohuwar ta ƙura wa ƙasa ido, ta ɗora hannuwa a cinya, ta ƙanƙance kamar baƙuwa a ɗakinta.

Nan zuciyar Muhsina ta gama yanke hukunci. Ta miƙe ta ja mayafi.

"Ina za ki?"

"Zan ce su kwashe kayansu."

"Muhsina, zauna."

"Ki yafe min, Iya. Yau kam ba zan ji maganarki ba."

Iya ta cafke mata hannu. Ƙarfin da ke cikin yatsun nan ya ba ta mamaki. Suna cikin wannan ja-in-ja sai wani jariri ya tsanyare da kuka a tsakar gida, ɗan ƙanwar Zayyad da aka zo da shi. Uwar ta jijjiga, ta ba shi nono, ya ƙi.

"Miƙo shi nan," suka ji muryar Gwaggo Talatu. "Ku 'yan zamani ba ku iya komai ba. Mu gidanmu waƙa gare mu ta gado, da ita Innarmu ta raine mu duka. Ba a samunta a ko'ina, sai gidan mutunci."

Ta gyara murya ta fara:

"Jirgin Nguru, tafi a hankali,
Akwai nawa ciki yana barci.
In ka zo Ringim rage kuwwa,
Kar ka tashe shi, bai ƙoshi ba."

Yatsun Iya suka saki hannun Muhsina.

"Iya, lafiya?"

A waje Gwaggo ta kai ƙarshe ta sake komawa farko, don iyakar abin da ta sani ke nan. Yaron bai fasa kuka ba. Ta sake zagayowa, ta kai "bai ƙoshi ba," ta tsaya jan numfashi.

Sai Iya ta ɗauka daga inda aka tsaya.

Muryar ta tsufa, ta dushe a gefe-gefe, amma tana da wani lanƙwasa da Muhsina ba ta taɓa ji a bakin kowa ba, tana jinkirta kalma kamar ba za ta sake ta ba, sannan ta sauke ta a hankali.

"In kun sauka a Gagarawa,
Ku ce da shi uwarsa tana nan.
Ba yar da shi ta yi a tasha ba,
Hannunta aka ɓamɓare daga zanensa."

A tsakar gida har jaririn ya koma ajiyar zuciya. Muhsina tana tsaye hawaye yana bin fuskarta, don yau ta fara jin muryar kakarta, kuma ta gane wane ne yake barci a jirgin. Babanta ne.

Aka ɗaga labule. Gwaggo Talatu ce, da jariri a kafaɗa, tabarau ya zamo mata kan hanci.

"Baiwar Allah... a ina kika san waƙar gidanmu?"

"A tashar Kano," in ji Iya, tana goge ido da bakin zane. "Ranar da jirgi ya tafi da ɗana. A kan benci na yi ta, kafin in kai gida ta haɗu. Daga baya aka buga ta a faifai."

"Faifai..." Gwaggo ta yi kasaƙe. "Babanmu direban babbar mota ne. Yana da garmaho, ya zo da shi daga Kano. Ina ƙarama ƙwarai, na tuna Inna tana zama kusa da shi in ya yi tafiya..." Ta gyara tabarau. "Mu duk mun ɗauka wurin kakanni ta gaje ta. Ba ta taɓa yi mana baitin ƙarshen nan ba."

"Ta kyauta. Ba na yara ba ne."

Gwaggo Talatu ta dubi akwatin da ke ɗaure a bakin ƙofa, ta dubi Muhsina da mayafi a hannu, ta gane komai. Matar da ko ƙaninta Alhaji, mahaifin Zayyad, ba ya haɗa ido da ita, sai ga ta tana lanƙwasa gwiwa a hankali har ƙasa, da jaririn da komai.

"Iya, ashe da bakinki aka raine ni. Da shi na raini 'ya'yana, da shi na raini Zayyad. Na sha nononki ban sani ba, na zo har gidanki ina cewa a ɓoye ki. Ki yafe min don Allah."

"Tashi, 'yar nan, kar ki yar da yaro. Ba ke kika fara ba."

"Ni zan zama ta ƙarshe kuwa." Ta juya ta ƙwala wa matan waje kira. "Ku shigo da akwatunan nan ciki. A gaban kakar amarya za a sake buɗe su, tun daga ta farko."

Da yamma Zayyad ya zo, ko babur bai gama kafewa ba ya faɗo soro.

"Gwaggo ta kira ni tana kuka, na ɗauka mutuwa aka yi. Muhsina, da gaske ne?"

"Da gaske ne. Amma ka sani, saura ƙiris in kore muku kaya."

"Na sani. Da kin kora, da na biyo kayan na dawo na zauna a soron nan har ki haƙura."

"Ji shi. Da bakinka kamar gaske."

Daga cikin gida Iya ta ɗaga murya: "A gaya wa angona in ya gama surutu ya zo ya kwance min akwati. Shi ya jawo aka ɗaure ta."

Ranar kai amarya Iya ce a gaban mota, cikin sabon leshi da Gwaggo Talatu ta aiko mata musamman. Daga Gumel har Maigatari hannunta yana miƙe ta baya, riƙe da gefen mayafin Muhsina. Da ita aka shiga gidan, mata suna buɗa mata hanya, har bakin gadon amarya.

Ta yi nasihar da ake yi, gajeriya. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Ga amana nan." Gwaggo ta ce, "Na karɓa, Iya."

Mata suka fara fita. Muhsina tana kuka a ƙarƙashin lulluɓi, ta ji har yanzu ana riƙe da mayafinta. Ta leƙo. Iya tana tsaye tana kallon hannunta, yatsun sun damƙe zanen gam.

Wata daga cikin dangi ta matso za ta janye ta. Gwaggo Talatu ta tare ta da hannu.

"Ƙyale ta. Kada wanda ya taɓa ta."

Aka jira. Iya ta ja dogon numfashi, ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta shafa wurin da ta yamutsa har ya kwanta.

"Kin gani, Muhsina?" ta ce, tana murmushi hawaye yana zuba. "Wannan karon ni na saki da kaina."