Koren Haske a Gidanmu na Jarjis

Akwatin intanet na koma ɗaukowa, ba wani abu ba. Kwana uku ke nan da muka kwashe kaya daga gidanmu na haya a Jarjis, bakin teku, zuwa garin Gabes, wajen 'yata Wafa, saboda mai gidan zai aurar da ɗansa yana son wurinsa. Komai an loda a mota, har turmin yaji. Akwatin nan kaɗai na bari a kan taga, na ce wa Wafa mantawa na yi. Ta dube ni.

Ɗana Nizar ne ya sa mana shi, da sunansa, yarjejeniyar shekara biyu. Wata biyar bayan nan ya shiga kwalekwale da asuba shi da samari goma sha bakwai, za su Italiya. Bai gaya mini ba. A wurinmu in mutum zai yi tafiya, uwarsa takan watsa ruwa a bayansa a bakin ƙofa don ya dawo. Ni ina barci ya fita. Ban watsa ba. Kwalekwalen bai isa ba, teku kuma ba ta dawo mana da ko takalmi ba.

Wafa ta taɓa gaya mini cewa wayarsa ta san akwatin nan, ko daga bakin titi ya tsaya za ta kama da kanta. Tun ranar ban yarda an kashe shi ba. Kuma kullum da magariba sai in cika kofi in watsa a bakin ƙofa, wai ko a makare ne ya karɓu. Maƙwabciyata Hala Mabruka, wato Inna Mabruka, tsohuwa mai baki, ta sha yi mini faɗa. Ta ce ruwan nan a bayan mutum ake zuba shi yana tafiya, in kin zuba ba bayan kowa, da magariba kuma, ba ki san wa kike kira ba. Nakan ce to, Hala. Washegari in sake.

Kafin mu tashi na je ofishin kamfanin intanet ɗin a Jarjis, yarinyar da ke kan tebur ta ce saura wata huɗu yarjejeniyar ta ƙare, kuma mai sunan ne kawai zai iya yankewa. In ya rasu, a kawo takardar mutuwa. Na ce mata 'yar nan, teku ba ta ba da takarda. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito ta ce in kawo akwatin da kwafin katin shaidarsa, in sa hannu, za ta san yadda za ta yi.

Motar haya ta ɓata mini lokaci a garin Madanin da ke kan hanya, ban isa unguwarmu ba sai rana ta yi ja. Hala Mabruka na zaune a ƙofarta tana tsince wake.

“Ke Zuhra, yanzu za ki shiga kangon nan? Ki kwana, da safe ki ɗauka. Ƙarfen banza ne, ba gudu zai yi ba.”

Na ce minti biyu ne. Ta ce aƙalla in yi sallama kafin in taka, gida in ya kwana uku ba mutane ba ya zama haka nan, wasu ke shiga. Na yi dariya don kada ta ga idona. Da na buɗe ƙofar, tunanin Nizar ya sa na manta da sallamar.

Dandamalin ƙofar a jiƙe yake. Ban tsaya na yi tunani a kai ba, ko da yake kwana uku ban zuba ba.

Ciki babu komai sai sawun kabad a bango da ƙusar da hoton babansu yake rataye a da. Takalmina yana amsa kuwwa. Na danna makunnin fitila don sabo, ba ta kawo ba. An yanke wutar tun ranar da muka tashi, ni da kaina na je aka rufe mita.

Sai na ga koren haske a kan taga.

Yana ƙyaftawa a hankali, kamar kullum. Na tsaya. Na ce a raina ƙila akwai batir a ciki, ni me na sani. Amma shekara ɗaya da rabi ina zaune da akwatin nan, na san duk sanda aka ɗauke wuta mutuwa yake.

Wayata ta motsa a jaka. Ta kama intanet ɗin akwatin.

Daga nan wari ya zo. Ba warin teku na nesa da muka saba ba. Warin jiƙaƙƙen bargo, da fetur, da ciyawar ruwa da ta ruɓe. Bakina ya yi gishiri.

Can bakin ƙofa, wata waya ta yi ƙara. Ɗan sautin nan guda biyu, kamar ɗigon ruwa a kwano. Na san shi. Sau nawa na yi masa faɗa a kansa muna cin kuskus ran Juma'a.

Ban juya ba.

Ɗis. Ɗis. Sai taku. Ƙafa ba takalmi, a jiƙe, tana mannewa da tayil tana sakewa.

“Yumma.”

Muryarsa ce, haka yake kirana, wato uwa. Har ɗan kaushin nan na sigari da yake ɓoye mini. Na dafa taga.

“Yumma, na ji kina kira. Kullum ina ji.”

Na ce Nizar, ɗana, kai ne? Ya ce sanyi yake ji. Ya ce hanya duhu, hasken nan kaɗai yake gani daga can.

“Kar ki cire. In kin cire ba zan gane gida ba.”

Wallahi na saki wayar wutar akwatin da na riga na kama zan cire. Na ce ba zan cire ba. Na ce zan zauna, ko a ƙasa zan kwana, mai gida ya yi abin da zai yi. Ruwa ya taɓa yatsun ƙafata, mai sanyi. Daga ƙofa yake shigowa, alhali gidanmu gangare yake zuwa waje.

Sai na tuna maganar tsohuwa. A hankali na ce, “Salamu alaikum, ɗana.”

Shiru.

Nizar ko fushi yake da ni sai ya amsa, ko a ciki-ciki. Na sake yi.

Numfashi kawai. Ya matso. Yana hura bayan wuyana, amma daga sama, sama sosai. Nizar tsayina ɗaya da shi.

“Zauna, Yumma.”

Ruwan ya kai idon sawu.

Na san ba shi ba ne. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk da na sani, sai da na tsaya. Ina so ya sake cewa Yumma. Sau ɗaya kawai.

Ya faɗa.

Na ce bismillah. Na zare filogi. Hasken bai mutu ba.

Wani abu ya riƙe gefen mayafina.

Na laluba bayan akwatin, na kama siririyar wayar da ta shiga bango, na naɗe ta a hannu, na fizga da duk ƙarfina.

Duhu.

Kukan da ya biyo baya ba na mutum ba ne, amma da muryar ɗana ya fara. Na rungume akwatin, na rufe ido, na nufi ƙofa. Na ratsa ta cikin wani sanyi mai kauri kamar na nutse. Mayafin ya tsaya a baya, na sake masa shi. Santsi ya kwashe ni a dandamali, na faɗo titi a kan gwiwa daidai ladan ya ɗaga murya.

Hala Mabruka ce ta ja ni cikin gidanta. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta wanke mini ƙafafu, ta rufa mini kai da nata mayafin, ta haɗa shayi. Gishiri ya bushe fari a zanena har gwiwa. Da safe ɗan mai gida ya leƙa, ya ce tayil a bushe yake ƙamas, mayafi kuma bai gani ba.

Na kai akwatin. Yarinyar ta juya takarda ta nuna mini inda aka rubuta dalili. Ta ce ƙaura za ta sa. Na ce sa. Ta buga hatimi, aka gama da sunan Nizar cikin minti uku. Daga nan na wuce wajen liman, na roƙe shi abin da shekara guda yake jira in roƙa, a yi wa ɗana sallar gawar da ba ta nan. Aka yi bayan azahar.

Da zan hau mota, Hala Mabruka ta fito da kofinta cike, za ta watsa a bayana kamar yadda ake yi. Na riƙe hannunta.

“Bar shi, Hala. Ba zan dawo ba. Nizar ma haka.”

Ta dube ni, ta zuba ruwan a gindin zaitun.