Lallen Bayan Ɗaki

A wani zamani can baya, an yi wata yarinya da uwarta za ta tafi jinya wani gari mai nisa. Ranar tafiya, uwar ta dasa reshen lalle a bayan ɗaki, ta ce, "Ki kula da shi. Idan ya yi ganye, zan dawo in yi miki ƙunshi da hannuna."

Kullum yarinyar sai ta zuba masa kashin awaki, ta dubi hanya. Ta zuba masa ruwan wankin shinkafa, ta dubi hanya.

Wata rana kakarta ta gama haɗa sabulu, ta miƙa mata sauran ruwan soda, ta ce, "Kai shi rami, can nesa da rijiya, ki rufe da ƙasa."

Yarinyar ta ce a ranta, "Abu mai ƙarfi haka, ai zai sa lallena saurin girma." Sai ta juye shi a gindinsa.

Kashegari ta tarar tohon duk ya ƙone. Ta je wurin kakar tana hawaye, ta ce, "Kaka, ni na kashe shi da soda. Shi ke nan Inna ba za ta dawo ba?"

Kakar ta ce, "Ba lalle ne ya riƙe ta ba, 'yar nan. Ɗauko fartanya."

Suka kwashe ƙasar da ta ɓaci suka kai rami, suka dasa sabon reshe.

Ranar da uwar ta dawo, ganyen bai isa ƙunshin hannu ba, sai ɗan yatsa ɗaya. Yarinyar ta yini tana kallon jan yatsan nan, ko sau ɗaya ba ta dubi hanya ba.