Takardar Da Aku Ya Miƙa Wa Mahauci

Ranar Lahadi ce a Valparaíso, a dandalin gaban coci. Baldomero na juyi da ganga a bayansa, ya hango Herminia, ƙafarsa ta harɗe da igiyar gangar, ya kife.

"Malam, wannan ma cikin wasan ne?" ta tambaya.

"Sabo ne, don ke na ƙirƙiro shi."

Ta yi dariya, sannan ta saɓa kayanta. Shekara tara ke nan tana ɗaukar akwatin kiɗan babanta, Don Casimiro, tun da ƙugunsa ya goce. Shi yana murɗa hannun akwatin, akunsu yana zaro wa mutane takardar sa'a, ita ce mai dako. Waƙa takwas ce a ciki. Su take ji kullum, tudu bayan tudu.

Da Baldomero ya je gaisuwar neman aurenta, tsohon bai ba shi kujera ba.

"Ka ɗauke ta, wa zai ɗauki akwatin? Tafi da gangarka."

Herminia ta raka shi bakin ƙofa. "Baldo, ka haƙura. In na bi ka, Baba ya daina fita. In ya daina fita, ya mutu."

Aka hana su magana. Sai ya rubuta wa Herminia, wadda yake kira Miniata, wasiƙa, ya faki ido ya cusa ta cikin aljihun takardun aku, tunda ita ke jera su kowace safiya. Bai san ranar ta riga ta jera ba. Bai kuma san a ɓangaren takardun sa'ar maza ya saka ba.

Evaristo mahauci, wanda ya daɗe yana nemanta, ya zo duba sa'arsa. Aku ya zaro, ya miƙa masa. Ya buɗe, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Jama'a, ku saurari mai ganga!" Ya karanta da ƙarfi: "Miniata, ba zan raba ki da Baba ba. Na ga tabon maɗauri a kafaɗarki. Ki aure ni, akwatin ya dawo bayana."

Ba wanda ya taya shi dariya. Don Casimiro ya daina murɗawa. Ya janye mayafin kafaɗar 'yarsa, ya daɗe yana kallon fatar da ta yi kanta.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ba ka tambaya ba, Baba."

Ya juya wajen Baldomero. "Kai, sarkin faɗuwa. Gidana yana saman matakala ɗari biyu. Bismillah."

Baldomero ya saɓa akwatin, ya kai shi har sama, bai ajiye ko sau ɗaya ba.

Ina wurin ranar ɗaurin auren. Amarya ta fito ba komai a kafaɗarta, amma tana tafiya a karkace.

"Miƙe mana, Miniata," in ji ango.

"Bari in koya tukuna."

Tsohon ya sa musu albarka, ya murɗa waƙa ta farko. Ranar ce Herminia ta fara taka rawarta. Allah ya bar su tare.