Sikanar Baba Shekwolo

Da la'asar sakaliya Liyatu ta shiga shagon Sheshi mai kayan lantarki, ta ajiye wata kumburarriyar kafasita, 'yar abin nan mai riƙe wuta a cikin na'ura, a kan teburinsa.

"Irin wannan nake nema."

Sheshi ya juya ta a tafin hannu. "Injiniya! Wannan ai ta girme ki. Daga wane kabari kika tono ta?"

Sai da maganar ta fita ya tuna. Ya sunkuyar da kai, ya hau lalube a cikin kwali.

Kowa a unguwar Ketaren Gwari ya san labarin. Mahaifin Liyatu, Baba Shekwolo, ɗan sintiri ne. Shekara biyu ke nan da suka bi sawun ɓarayin shanu cikin dajin bayan garin Paiko. Su tara suka shiga, takwas suka dawo. Ba a ga gawa ba, ba a ga ko takalminsa ba. Wayarsa ma tare suka tafi, don haka babu inda muryarsa ta rage.

Abin da ya bari shi ne sikana, wata tsohuwar baƙar rediyo da ba ta kama waƙa ko labarai, sai dai ta yi ta bin tashoshi tana tsintar maganar masu wayar oba-oba. Kamawa kawai take yi, ba a magana da ita. Da ita yake sauraron abokan aikinsa ranar da bai shiga daji ba. Wata uku bayan ɓatansa aka kawo wuta da ƙarfi, ta ƙona ɗan akwatin da ke ba rediyon wuta daga soket.

Tun da Liyatu ta dawo daga bautar ƙasa da takardar injiniyan lantarki, mahaifiyarta Margaret ba ta bar ta ta huta ba.

"Ki gyara min ita. In yana da rai, ta nan zai yi magana."

Liyatu ta san babu batirin oba-oba da ke shekara biyu. Ta san nisan dajin. Ta sani sarai. Amma ita ma tana son ta ji shi, ko sau ɗaya.

Ta iso gida hadari na haɗuwa a gabas. Mama ta tafi zumuntar mata a coci. Liyatu ta zauna a ɗakin Baba, ta kwance akwatin. Fiyus ya ƙone ƙurmus. Dalma ta tsage a ƙafar taransfoma. Ta canza fiyus, ta liƙe tsagewar, ta dasa sabuwar kafasita. Ƙaurin dalma ya cika ɗakin. Ta sa a soket, ta auna wutar da mita: goma sha biyu cif, yadda ake so.

Ta yi murmushi ita kaɗai. Ba ta mayar da murfin ba, tana so ta ga ko wani abu zai yi zafi.

Ana kiran magariba a masallacin bayan layi ta kunna rediyon.

Koren haske ya tashi. Lambobi suka hau gudu. Shuuu. Wani mai gadin otal yana tambayar makullin janareto. Shuuu. Direban tirela yana zagin wani. Shuuu.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta ja numfashi ta tsaya. Unguwa ta yi tsit.

Koren hasken bai mutu ba.

Kafasita ce, ta ce a ranta, ita ke riƙe 'yar wuta. Daƙiƙa biyu, uku, za ta ƙare. Ta ƙirga goma. Ta ƙirga talatin.

Lambobin suka tsaya cak.

Wani wari ya taso. Man bindiga. Hayaƙin itace da ke kama rigar Baba. A ƙarƙashinsu kuma, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tono.

"Liyatu. Oba."

Hawaye suka riga tsoro zuwa. Muryarsa ce, har da 'yar dishewar nan ta mai shan taba.

"Baba?" ta ce cikin raɗa, tana sane rediyon ba ta da kunne.

"Na'am."

Ta toshe bakinta da hannu.

"Sanyi nake ji a nan," muryar ta ce a hankali. "Na daɗe ina kira. Ina uwarki?"

"Tana coci, Baba. Kana ina? Faɗa min, mu zo."

"Zan faɗa." Shuuu. Muryar ta yi nisa, kamar ana jan mai ita ta baya. "Waya ta saki. Jar nan, ta bayan taransfoma. Ki danne ta da yatsa. Ai babu wuta."

Gaskiya ne, babu wuta. Amma jar wayar ita ce mai zuwa kai tsaye daga bango, kuma filogi na nan a soket.

"Zan tafi, Liyatu."

Ta miƙa hannu.

"Yauwa. Ki riƙe. Ki yi sauri."

Yatsanta ya tsaya a iska.

Ki.

Baba Shekwolo bai taɓa ce mata "ki" ba. Bagware ne, a kasuwar doya ta Paiko ya tsinci Hausarsa, kuma a bakinsa kowa "ka" ne: matarsa, matar fasto, 'yarsa. "Liyatu, ka zo ka ci abinci." Tana sakandare ta taɓa gyara masa a gaban ƙawayenta, don kunya. Dariya ya yi. "To malam, ka yi hakuri," ya ce.

Wannan muryar kuwa Hausarta tsaf, babu tuntuɓe.

Ta janye hannunta a hankali.

"Kai ba babana ba ne."

Shiru.

Babu shuuu ɗin ma. Sai numfashi, dogo, mai danshi. Ba daga sifika yake fitowa ba. Daga bayan wuyanta ne.

Wani abu yana tunani.

Sannan, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi:

"Ka... riƙe."

Ta girgiza kai.

"Liyatu, ka riƙe mana. Ka yi hakuri."

Shi ne. Sak.

Hannunta ya tashi da kansa. Tana kallon sa yana tafiya, tana kuka, ta kasa hana shi.

Ƙwan lantarkin saman ɗakin ya yi ja.

Wuta na dawowa.

"Yesu!"

Liyatu ta ƙwala ihu, ta wurga jikinta baya, ita da kujera.

Tau! Shuɗin tartsatsi ya tashi har rufi. Ƙaurin roba ya turnuƙe. Koren hasken ya mutu, ruwan sama ya kece a kan kwano.

A ƙasa Mama ta same ta, ƙuna ta tashi a bayan hannunta. Ta dubi akwatin da ya narke, ta dubi 'yarta.

"Ta yi magana?"

"A'a, Mama. Taransfoma ce ta ƙone. Ba a samun irinta yanzu."

Ruwa na ɗiga daga zanen Mama.

"To," ta ce. "Gobe ki raka ni wurin fasto."

Bayan sati biyu aka yi addu'ar Baba Shekwolo, babu akwatin gawa, sai hotonsa a kan kujera. Ƙunar ta warke. Liyatu ta buɗe shagonta a unguwar Fadikpe, kuma ba ta taɓa buɗe kayan gyara da filogi a soket, ko da an shekara babu wuta.

Sai dai abin da ya zo ɗakin nan bai koma ba sai da ya tafi da wani abu. A wurin addu'ar aka ce ta tashi ta faɗi wani abu da mahaifinta ya saba cewa. Ta rufe ido, ta nemi muryarsa a ranta yana kiranta cin abinci, yana dariya, yana waƙar coci da safe. Duk inda ta laluba, waccan muryar ta rediyo ce ke amsawa, tana jin sanyi, tana roƙon ta riƙe waya.

Ta koma ta zauna. Har yau ba ta ƙara neman muryarsa ba.